Tankin killace kifin ruwan gishiri: me ya sa ciro mara lafiyan kaɗai ba ya isa

Duk mai kiwon kifin ado na ruwan gishiri da ya taɓa tashi da safe ya tarar da fararen ɗigo-ɗigo a jikin kifinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, ya san abin da ke biyo baya. Ka tambayi mutum goma ka samu amsa goma. Wani zai ce ciro shi yanzu-yanzu ka kai wani tankin, wani ya ce kar ka kuskura ka taɓa shi wahalar kamun ce za ta ƙarasa shi, wani ya ce maganin jan ƙarfe kwana 14, wani ya ce a'a sai 30, ga masu cewa a bar babban tankin babu kifi kwana 76 ga kuma masu cewa 45 ya wadatar. Kusan kowanne yana da gaskiyarsa, sai dai kowa na magana ne a kan mataki daban na rayuwar ƙwaron da ke kawo cutar, shi ya sa idan ba a san wannan rayuwar ba lambobin sai su zama kamar kowa son ransa yake faɗa.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Babban tanki shine wanda ake nunawa, mai duwatsu da yashi da murjani da jatan lande da dodon koɗi. Tankin killacewa a asalinsa na sabon kifi ne da aka sayo, a ajiye shi shi kaɗai sati huɗu zuwa shida a ga ko ya zo da wani abu kafin ya shiga cikin sauran. Tankin asibiti kuma na wanda ya riga ya kamu ne. A aikace tanki ɗaya ne ke yin aikin biyu shi ya sa mutane ke kiransu da suna ɗaya, bambancin dai shine na farkon kana da lokacin shiri, na biyun kuwa yawanci a gurguje ake haɗa shi da kifi na numfashi sama-sama a cikin bokiti, kuma a gurgujen nan ne yawancin kurakurai ke shigowa.

Sai kuma hutun tanki, wato a kwashe kifaye kaf daga babban tankin a bar shi yana aiki da murjaninsa da komai amma babu kifi ko ɗaya, har ƙwaron ya mutu don rashin wanda zai hau.

Yadda ƙwaron ke rayuwa

Cutar fararen ɗigon da ake kira ik, ƙwaro ne mai ƙwayar halitta ɗaya, sunansa Cryptocaryon irritans. Ba shi ne na ruwan daɗi ba duk da kamar da suke yi a ido, wancan Ichthyophthirius multifiliis ne, shi ya sa dabarar ƙara zafin ruwa da masu kifin ruwan daɗi suka saba da ita ba ta kashe wannan, sai dai ma ta rage iskar da ke cikin ruwan.

Ƙwaron yana shiga ƙarƙashin fatar kifi da cikin gurbin numfashinsa da ke gefen kai, ya yi kwana 3 zuwa 7 yana ci. A nan fatar kifin ce ta rufe shi, magani ba ya kai masa. Idan ya ƙoshi sai ya saki ya faɗo ƙasa, ya yi ƴan awanni yana rarrafe, ya manne a dutse ko yashi ko gilashi ya rufe kansa da ɓawo mai tauri. A cikin ɓawon nan ma magani ba ya shiga. Can zai yi ta rabuwa, ɗaya ya koma ɗaruruwa, yawanci tsakanin kwana 3 zuwa 28, sannan ɓawon ya fashe ƴaƴan su fito suna iyo suna neman kifi, galibi cikin duhu kafin gari ya waye lokacin da kifin ke kwance kusa da ƙasa. Idan ba su samu kifi ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun mutu.

Kaga kenan cikin matakan nan, lokacin da yake yawo a fili cikin ruwa ne kawai magani ke samunsa. Wannan shi ke bayyana abubuwa biyu da ke rikita mutane. Na farko, ɗigon ya ɓace bayan kwana huɗu ko biyar mutum ya ce maganinsa ya yi aiki, alhali ƙwaron ne kawai ya sauka ya tafi haihuwa, bayan sati biyu ya dawo ninki. Na biyu, ranar da ka ga ɗigo a jikin kifi ɗaya, to babban tankin ya riga ya kamu, akwai ɓawo a duwatsu, kuma sauran kifayen da ke kama da lafiyayyu mai yiwuwa suna ɗauke da shi a gurbin numfashi inda ido ba ya gani. Ka ciro ɗaya ka yi masa magani wata guda ka mayar, wurin da ya kwaso cutar ka mayar da shi.

Ba kowane ɗigo ne ik ba

Kafin a zuba komai sai an san da me ake faɗa, don maganin wannan ba ya yi wa wancan. Akwai belbet, Amyloodinium ocellatum, wanda ɗigonsa ƙanana ne ƙwarai kamar ƙura mai ɗan ruwan zinare, ba sa ƙirguwa. Shi gurbin numfashi yake fara kamawa, za ka ga kifin yana haki, yana tsayawa a gaban famfo inda ruwa ke bugowa, yana gudun haske, kuma yana iya share tanki cikin ƴan kwanaki, wani lokacin ma kifi ya mutu ba a ga komai a jikinsa ba. Ɓawonsa ɗaya na iya fitar da ƴaƴa har 256. Akwai Brooklynella hostilis da ya fi addabar kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari wanda ake kira clownfish, jikin ya yi ta fitar da farin yauƙi kamar fatar na saluɓewa, shi a jikin kifin yake hayayyafa kai tsaye, jan ƙarfe ba ya maganinsa yadda ya kamata, wankan fomalin ake masa. Sai tsutsotsin fata irin su Neobenedenia, kifi ya riƙa goga jiki a dutse idonsa ya yi hazo, maganinsu praziquantel ne, kuma da yake ba ya kashe ƙwai sai an maimaita bayan kamar sati guda.

Wata hanyar gane tsutsar ita ce tsoma kifin a ruwan daɗi da babu kilorin, wanda ɗuminsa da pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, suka yi daidai da na tankinsa, na minti 3 zuwa 5 da iska na shiga. In akwai su za su yi fari su zubo ƙasan mazubin. Ga mai belbet ma tsomin na ba shi ɗan sauƙin numfashi, amma sauƙi ne kawai ba warkewa ba.

Abin da ke shiga tankin da abin da ba ya shiga

Tankin asibiti ba na kyau ba ne. Lita 40 zuwa 75 ya ishi ƙananan kifaye, mai yawan iyo kamar tang yana son lita 110 zuwa sama, in kuma duka kifayen babban tankin za a kwaso to sai an duba wa ke cin zalin wa, ko a raba da raga ko a yi tanki biyu. Hita ce da za ta riƙe ruwan a digiri 25 zuwa 26, da ma'aunin zafi na daban don hita na ƙarya, filtar soso, dutsen iska ko ƙaramin famfo da ke kaɗa saman ruwa, murfi saboda kifin da ya tsorata tsalle yake yi, da gutsattsarin bututun PVC da zai shige ya ɓuya. Haske kaɗan ya isa. Wasu kan rufe gefe uku na gilashin da takarda don kifin ya daina firgita da giftawar mutane.

Ƙasan a bar shi tsirara, ba yashi ba dutsen murjani, dalili kuwa su sinadarin kalsiyam kabonet ne, suna shanye jan ƙarfe sai ma'aunin maganin ya riƙa faɗuwa ba ka sani ba, daga baya kuma su iya sako shi. Tsiraran ƙasa kuma na sa ka ga kashin kifin da ragowar abinci ka zuƙe da tiyo. Kifin da dole sai ya binne kansa ya kwana, kamar wasu nau'in wrasse, akan saka masa ɗan kwano na yashin silika. Gawayin tace ruwa da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin da ke yawo a ruwa a cire su lokacin magani, gawayin shanye maganin yake yi.

Gishiri da zafin ruwan su zo daidai da inda kifin ya fito. Ruwan teku yana kusan giram 35 na gishiri a lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa. Kifi ya fi jure saukar gishiri fiye da hawansa, don haka in za a ƙara sai a hankali cikin kwanaki.

Abin da aka fi rainawa shine kayan aiki. Raga, tiyo, bokiti, har hannun da bai bushe ba, duk suna ɗaukar ƙwaro daga nan zuwa can. Tankin asibiti ya zama yana da nasa, kuma akan ba da shawarar a nesanta shi da babban tankin kamar mita 3 saboda feshin ruwan da kumfar iska ke watsawa.

Amoniya

Nan ne hujjar masu cewa tankin killacewa kashe kifi yake yi ta fi ƙarfi, kuma ba ƙarya suke ba. Kifi yana fitar da amoniya ta gurbin numfashinsa, abincin da ya ruɓe ma haka. A babban tanki akwai bakteriya a duwatsu da filta da ke juya ta zuwa naitirait sannan naitiret, sabon tankin da aka wanke aka cika yau kuwa babu su. Ruwan gishiri pH ɗinsa na kusan 8.1 zuwa 8.3, kuma duk yadda pH ya hau haka ɓangaren amoniya mai guba ke ƙaruwa, to ka haɗa da kifin da ƙwaro ya riga ya cinye masa gurbin numfashi, amoniyar ma can take ƙonawa. Sai kifin ya mutu a kwana na uku a ɗora wa cutar ko maganin laifi alhali ruwan ne.

Mafita mafi sauƙi ita ce wadda ake yi tun kafin ciwo ya zo, a jefa soson filta a cikin matatar babban tanki ya yi sati huɗu zuwa shida bakteriya su cika shi, ranar buƙata a ɗauko. Wanda bai yi haka ba sai bakteriyar kwalba da canjin ruwa, wani lokacin kullum, da ruwan gishirin da aka haɗa aka bari ya gauraya tun jiya. Abinci kaɗan-kaɗan, abin da bai ci ba a zuƙe. Ana manna alamar nan mai nuna yawan amoniya ta Seachem Ammonia Alert a gilashi don wasu magungunan na rikita gwajin amoniya da ake yi ta hanyar ɗiga sinadari a ruwa.

Akwai tarko ɗaya a nan. Mutum ya ga amoniya ta hau sai ya ɗauko maganin ɗaure amoniya irin su Prime ya zuba a tankin da ke da maganin jan ƙarfe na Cupramine, alhali shi kansa kamfanin da ke yin su ya yi gargaɗi a kan haɗa su, don yana juya jan ƙarfen zuwa wani nau'i da ya fi guba nesa ba kusa ba. Muddin akwai jan ƙarfe a ruwa, canjin ruwa ne hanyar da ba ta da haɗari.

Hanyoyin magani da inda kowacce ke da rauni

Jan ƙarfe shi aka fi amfani da shi don yana kama ik da belbet duka. Rikicin lambobinsa daga nau'i yake, Cupramine ana riƙe shi a 0.5 miligiram a lita, su Copper Power da Coppersafe kuma wajen 2.0 zuwa 2.5, saboda haka wanda ya ɗauki lambar wannan ya yi aiki da ita a wancan ko ya kashe kifi ko bai yi komai ba. Tazarar da ke tsakanin abin da ke kashe ƙwaro da abin da ke kashe kifi ƴar kaɗan ce, dole sai da na'urar gwaji, da yawa na amfani da ta Hanna mai nuna lamba maimakon kwatanta launi da ido. Akan hau da shi a hankali cikin ƴan kwanaki sai dai in belbet ne da ba ya jira. Duk ruwan da za a canza sai an zuba masa nasa jan ƙarfen kafin ya shiga, in ma'aunin ya faɗi ƙasa ko na dare ɗaya ne ƙirgen ya koma farko, tunda daren nan ne wani ɓawon zai iya fashewa.

Maganar 14 da 30 kuma, masu 30 suna barin kifin a tanki ɗaya ne don haka sai sun jira ɓawon da ke manne a tankin ya gama fashewa cikin magani. Masu 14 suna cire kifin ne a rana ta 14 su kai shi wani tsaftataccen tanki daban, ƙwaron jikinsa ya riga ya sauka sabo bai hau ba, an bar ɓawon a baya. Wanda ya yi 14 sannan ya tsayar da magani a tanki ɗaya ya ɗauki rabin kowace hanya ne. Raunin jan ƙarfe shine yana kashe sha'awar abinci yana raunana garkuwar jiki, kifin shak da danginsa ba sa jure shi, wasu wrasse da ƙananan angel ma da ƙyar, murjani da jatan lande da ƙaguwa kuwa kashe su yake yi, shi ya sa tun farko ba a zuba shi a babban tanki.

Rage gishiri hanya ce ta biyu, a sauke ruwan zuwa 1.009 a riƙe kwana 30. Kifi mai ƙashi yana jurewa, ik ba ya jurewa. Amma ba ta taɓa belbet, ba a yi wa shak, pH na yawan faɗuwa, kuma sai da rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, da aka saita sosai, don in ruwa ya ƙafe gishirin ya ɗan hau ƙwaron ya tsira. Mayar da gishirin daidai ma sai an ɗauki kusan sati.

Ta uku babu magani a cikinta sam, sauya tanki ne. Tanki biyu, kowane awa 72 ko ƙasa da haka a ɗauke kifin a kai ɗayan, wanda aka bari a wanke a busar da shi ƙayau, a yi haka sau huɗu cikin kwana 12 zuwa 13. Hikimar ita ce ɓawo ba ya fashewa kafin kwana uku, kafin ya fashe kifin ya bar gidan. Tana da kyau ga kifin da ba ya son jan ƙarfe, sai dai aiki ne, tana cin ruwan gishiri, ana yawan kama kifin, kuma a wannan tsarin nata na awa 72 ik kawai take kamawa.

Akwai kuma kilorokwin, wanda ke aiki a kan ik da belbet ba tare da wahalar jan ƙarfe ba, amma babu gwajinsa a gida, haske da bakteriya na lalata shi ba ka sani ba, kuma wasu kifaye kamar anthias da wasu wrasse ba sa jure shi. Tafarnuwa a abinci, kifin nan mai tsince jikin ƴan uwansa Labroides dimidiatus, da kwalaben da aka rubuta ba sa cutar da murjani, babu wanda ke fitar da ik daga tanki. Abin da ya isa ya kashe ƙwaron a cikin ruwa yawanci ya isa ya taɓa murjani ma.

Kwana 76, kwana 45, ko a zauna da shi

Lambar 76 ta samo asali ne daga rahoton Colorni da Burgess na 1997 inda aka ambaci ɓawon da ya kai kwana 72 kafin ya fashe, sai masu kiwo suka ƙara ƴan kwanaki a kai. Masu cewa 45 hujjarsu ita ce wancan a ruwa mai sanyi ne fiye da na tankin gida, in aka ɗaga zafi zuwa digiri 27 ɓawon na fashewa da wuri. Masu 76 su ce wanda ya riga ya sha wahalar kwashe duwatsu don kama kifi, ƙarin wata guda bai kai sake yin komai daga farko ba. Ga belbet sati shida ake yi. Kowacce aka ɗauka, kifi ɗaya da ya maƙale a cikin dutse ya rusa lissafin, haka ma sabon murjani ko dodon koɗi da aka saka a tsakiyar hutun don ɓawo na iya zuwa manne a jikinsa.

A ɗaya gefen akwai masu cewa a zauna da ik ɗin kawai, abinci mai kyau, tanki ba cunkoso, UV mai ƙarfi da ke rage yawan ƴaƴan da ke yawo. Suna da madogara, kifin da ya tsira daga ik yana samun garkuwa ta wasu watanni, kuma akwai tankunan da suka yi shekaru a haka. Sai dai ƙwaron yana nan, ranar da wuta ta ɗauke ko hita ta lalace ko aka kawo sabon kifi da bai da garkuwa zai iya tashi, kuma wannan hanyar ba ta aiki da belbet ko kaɗan. Wanda ke da tang da yawa, su da suka fi kowa saurin kamuwa, cacar tasa ta fi girma a kan mai ƴan kifaye biyu uku masu tauri.

Abin da ke jiran mai tanki a gida

A aikace wanda ya zaɓi fitar da cutar gaba ɗaya yana kallon wata biyu zuwa biyu da rabi na tankuna biyu, gwajin jan ƙarfe da amoniya kusan kullum a farko, da haɗa ruwan gishiri fiye da yadda ya saba. Maganin zai ƙare kafin hutun babban tankin ya ƙare, saboda haka kifayen za su yi makonni a tankin asibiti babu magani, a cire jan ƙarfen da canjin ruwa da gawayi, a zuba ido aƙalla sati biyu ko ɗigo zai dawo. Babban tankin ma ba a barinsa haka, ana ɗan jefa abinci lokaci-lokaci don bakteriyarsa da jatan lande kar su mutu da yunwa.

Ranar komawa a daidaita zafi da gishiri tukunna, kifin kaɗai ke ƙetarawa ban da ruwan asibiti, kuma in suna da yawa a mayar da su rukuni-rukuni, masu sanyin hali su fara shiga mafaɗatan su zo daga baya. Tankin asibitin a wanke shi da ruwan bilic da aka tsarma, a ɗauraye sosai a bar shi ya bushe sarai. Soson da ya sha jan ƙarfe ba ya komawa babban tanki, a yar da shi a jefa sabo a matata ya fara tara bakteriya.